Haƙƙin Takobi

Daga cikin al'amuran da suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazari a kansu a wannan zamani, ko da yake a zahiri sun yi kama da abin shagala, akwai ɗabi'ar masu shirya finafinan ƙagen kimiyya, waɗanda idan sun zauna sun ƙago wata duniya mai nisa, inda jirage ke ratsa tsakanin taurari, inda kuma ake da makamin da zai tarwatsa duniya ɗungurungum cikin ƙiftawar ido, sai su waiwayo baya su ɗauko takobi, makamin kakannin kakanni, su danƙa wa jarumin labarin, su kuma rataya hukuncin rikicin duka a kan karon mutum biyu da ke tsaye gaba da gaba. Samarinmu na Jega da Aliero da Maiyama sun san wannan sarai, gama suna kallonsa a wayoyinsu dare da rana, ƙannensu kuwa, da an yi girbi an zubar da kara, za ka gan su a bayan gari kowa ya riƙe karan dawarsa da hannu biyu, yana kwaikwayon gunjin takobin haske da bakinsa. Mas'alar da nake so in bi ita ce, mene ne zuciyar ɗan Adam take nema a wurin takobi wanda ba ta samu a wurin bindiga ba, kuma abin nan da take nema, a cikin ƙarfen yake ko a cikin mai riƙe da shi.

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, saboda haka ya kamata a fara da asalin wannan wasa. Fim ɗin Star Wars na farko ya fito a Amurka a 1977, mai shi kuwa, George Lucas, bai taɓa ɓoye cewa ya sha daga finafinan Akira Kurosawa na ƙasar Japan ba, musamman wanda ya fito a 1958 da aka sani da The Hidden Fortress. Shi Kurosawa, da yake mutum ne mai tsanani wajen aiki, bai yarda 'yan wasansa su yi ta wulwula takobi da ka ba, sai ya nemo wani malami mai suna Yoshio Sugino, ɗan makarantar Katori Shinto-ryu wadda aka kafa tun ƙarni na 15, ya koya musu yadda ake tsayuwa, da yadda ake zarewa, da yadda mayaƙi ke auna tazarar da ke tsakaninsa da abokin gabarsa kafin ya motsa ƙafa. Ta wannan sanadi ne riƙon hannu biyu, da doguwar tsayuwa ana kallon juna, da sara ɗaya mai yanke magana, suka ƙetara teku suka shiga hannun jaruman taurari; Lucas ma ya nace a farko cewa a riƙe takobin haske da hannu biyu kamar abu mai nauyi, shi ya sa karon dattijo Obi-Wan da Darth Vader a fim na farko, wanda Peter Diamond ya tsara, ya zo a hankali, babu tsalle babu juyi.

Daga baya wasu hannaye suka shigo. Wanda ya sa baƙaƙen kayan Vader ya yi faɗan takobi a finafinan 1980 da 1983 wani Bature ne na Ingila, Bob Anderson, gwanin wasan takobin Turawa wanda ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, aka kuwa ɓoye sunansa har sai da Mark Hamill, wanda ya fito a matsayin Luke, ya bayyana shi a 1983 don kada haƙƙin mutum ya salwanta. A 1999 aka kawo Ray Park, wanda ya taso cikin wasan wushu na mutanen Sin, da shi ne tsalle da juyi da saurin da ido ba ya iya bi suka yi rinjaye. Fim ɗin Dune na 2021 kuma ya ɗauko salon faɗan wuƙa na mutanen Filifin, wanda ake kira kali, ta hannun Roger Yuan. A nan akwai abin lura, domin Frank Herbert, wanda ya fitar da littafin Dune a 1965, sai da ya ƙago wata garkuwa mai tare duk abin da ya zo da gudu, tana barin wanda ya zo a hankali, don kawai ya sami hujjar kashe amfanin harsashi ya mayar da mutane ga wuƙa. Mutumin da ya wahalar da kansa haka don ya dawo da makamin da zamani ya riga ya ajiye, lalle akwai wata bukata da ke cinsa a rai, kuma miliyoyin da suka karɓi labarin sun nuna cewa ba shi kaɗai take ci ba.

Sai dai abin da aka ɗauko daga waɗannan makarantu shi ne motsin hannu da ƙafa, domin shi ne abin da na'urar ɗaukar hoto take iya kamawa, alhali kuwa a wurin masu abin, motsi shi ne mafi ƙanƙantar rabo. Mu dubi kendo, wasan takobin da Japanawa suka raya bayan da hukumarsu ta hana yawo da takobi a 1876. Mutum biyu suna shigowa fili sanye da kariyar kai da ta ƙirji, kowa riƙe da sandar da aka haɗa da tsagin gora huɗu. Su sunkuya wa fili, su sunkuya wa juna, su tsuguna a kan dugadugansu tsinin sanda na duban tsinin sanda, sa'an nan su miƙe. Alƙalai uku na tsaye da tutoci, ja da fara. Ba a ƙirga duka sai ya sauka inda aka ƙayyade, da daidai ɓangaren sandar da ke matsayin kaifi, kuma murya da sara da takun ƙafa sun faɗi lokaci guda; bayan wannan duka kuma dole wanda ya yi dukan ya juyo ya tsaya cikin shiri da natsuwa, yana fuskantar abokin karawarsa. Idan kuwa ya ɗaga hannu yana murna, ko ya yi wata alama ta fahariya, alƙalai suna da ikon soke makin da suka riga suka ba shi. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi burge ni bisa dukkan abin da na sani na wannan wasa, domin ta nuna cewa masu shi sun gane cewa lokacin da mutum ya fi kusa da halaka shi ne lokacin da ya yi galaba, sa'ad da nafsu ta kumbura, hannu bai riga ya huce ba, wanda aka kayar kuma ba shi da mai kare shi sai tarbiyyar wanda ya kayar da shi.

Tun a 1632 Yagyu Munenori, malamin takobi na gidan sarautar Tokugawa, ya rubuta wa iyalinsa littafi inda ya rarrabe tsakanin takobi mai kisa da takobi mai rayarwa, yana nufin cewa makami abin ƙi ne a asalinsa, ba ya halatta sai inda zare shi zai kuɓutar da rayuka masu yawa daga sharrin mutum ɗaya. Adalci ne a ce Lucas ya tsinci wani abu na wannan ma'ana, gama ƙololuwar labarinsa a fim ɗin 1983 ita ce inda Luke, bayan fushi ya ɗebe shi ya sare hannun ubansa Vader ya kai shi ƙasa, ya dubi abin da ya aikata, ya kashe takobinsa ya jefar, ya ƙi ƙarasawa. Amma ya wajaba in ja hankalin ɗalibi a nan, domin aƙidar da aka gina labarin a kanta, ta wani ƙarfi marar zati mai fuska biyu, ta haske da ta duhu, waɗanda ake neman daidaito tsakaninsu, ta fi kusa da zancen Majusawa masu ubangiji biyu bisa ga tauhidi. Musulmi na iya yaba kame hannun yaron, ba tare da ya karɓi bayanin da aka ba shi na dalilin kamewar ba.

A ganina, abin da ya sa zukata ke komawa ga takobi shi ne tazara. Mai takobi ba ya iya kashe wanda bai gani ba. Dole ya matso har ya ji numfashinsa, ya ga idonsa, ya san ko yaro ne ko tsoho, ko ya miƙa wuya ko yana nan a kan bakansa, kuma dole ya sa ransa a inda ya sa ran abokin gabarsa. Tarihin makamai tun daga lokacin kuwa tarihi ne na nisantar da mai kisa daga wanda yake kashewa. Kakanninmu sun ɗanɗani mafarin wannan ran 15 ga Maris 1903 a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, inda barade da 'yan lifidi, masu takubba da masu, suka tarar da bindiga mai ruwa da igwa, aka watsa su kafin mafi yawansu su isa inda takobi ke aiki. Mu kuma mun ga inda abin ya kai a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi ya jefa wuta a kan masu taron Mauludi, aka rasa fiye da mutum 80, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne. Wanda ya danna abin da ya danna bai ji yabon Annabi da ake rerawa a wurin ba, bai ga yaran da ke zaune a gaba ba, da kuwa ya tsaya a tazarar takobi da bai yi wannan kuskure ba. Mutanen zamani, har waɗanda suka ƙera irin waɗannan makamai, suna jin nauyin wannan a ransu ko ba su furta ba, shi ya sa idan sun yi mafarkin jarumi sai su ba shi makamin da zai tilasta shi ya kalli fuskar mutum.

Addininmu ya riga ya yi magana a kan wannan da bayanin da ya fi na kowa zurfi. Masu sira sun ruwaito cewa ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga wani takobi ya tambayi wanda zai karɓa, hannaye suka miƙo ta ko'ina; da ya ƙara da sharaɗin cewa sai wanda zai ba shi haƙƙinsa, sai mutane suka ja da baya, har Abu Dujana, Allah ya yarda da shi, ya karɓa. Ya ɗaura jan ƙyallensa a ka, wanda Ansaru suka san ba ya ɗaura shi sai ya yi niyyar mutuwa, ya yi tafiyar taƙama tsakanin sahu biyu, aka kuma sanar da shi cewa tafiya ce da Allah ke ƙi sai a irin wannan matsayi. Ya kutsa yana sara har ya isa ga wani da ke zuga mayaƙan Ƙuraishawa da tsananin zuga, ya ɗaga takobi a kan tsakar kansa, sai wancan ya yi kururuwa, ashe mace ce, Hindu 'yar Utba. Nan take ya janye hannunsa, daga baya ya ce ya girmama takobin Manzon Allah ne da ya sari mace da shi. A lura, wannan yana tsakiyar yaƙi ne, jini na tafasa, matar kuma tana cikin mafi tsananin masu gaba da Musulmi a wannan rana. Wanda ya ba takobi haƙƙinsa wajen sara shi ne ya ba shi haƙƙinsa wajen ɗagewa, kuma ban ga yadda za a raba ɗaya da ɗaya ba.

Kishiyar wannan ita ce ƙissar Usama ɗan Zaidu, masoyin Annabi ɗan masoyinsa, wanda ya rutsa wani mutum a wani hari, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya soke shi bisa zaton cewa tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Manzon Allah ya yi ta maimaita masa zargi, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya ga abin da ke ciki, har Usama ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. Kuma wannan darasi ya zauna masa har ya ƙi ɗaukar makami a fitinar da ta auku tsakanin Sahabbai daga baya. Ladubban da suka kewaye makami a Sunna duk a kan wannan turba suke: an hana miƙa wa mutum takobi a zare, an hana nuna ɗan'uwa da ƙarfe ko da wasa, an umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Kallon wasan makami kansa ba a hana shi ba, gama ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masunsu a masallacin Madina ranar idi, Annabi kuma ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallo har ta gaji don kanta. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a fasa wayar yaro don an same shi yana kallon faɗan takobi. Abin da nake tambaya shi ne wa zai zauna da shi ya gaya masa abin da aka bari a baya.

Kada kuma a ɗauka ina cewa kusanci kaɗai yana haifar da rahama, domin tarihi zai ƙaryata ni nan take. Ƙasar da ta haifi kendo ita ce sojojinta suka shiga Nanjin ta ƙasar Sin a 1937 suka yi ta'asar da har yau ba a manta ba, jaridunta na lokacin kuma suka riƙa buga labarin wasu hafsoshi biyu masu gasar wanda zai riga kashe mutum 100 da takobi, kamar labarin gasar tsere. An kashe su biyun bayan shari'a a 1948, an kuma hana koyar da kendo bayan yaƙin, sai a 1952 aka sake kafa ƙungiyarsa bisa sharaɗin ya zama tarbiyya. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Yaron da aka ɗirka wa ƙwaya lokacin zaɓe aka ba shi gariyo ko adda, yana ganin fuskar wanda yake sara ƙuru-ƙuru, wani lokaci ma ɗan unguwarsu ne, ganin bai hana shi komai ba. Takobi yana ba mutum damar ya gani ya janye, amma ba ya ba shi zuciyar da za ta janye; wannan sai malami, da uba, da tsoron tsayuwa gaban Allah.

Akwai kuma wata yaudara a cikin takobin haske wadda ta fi sauran dabara, ita ce yana ƙone inda ya yanka, jini ba ya zuba. A fim ɗin 1980 an sare hannun Luke, kafin fim ya ƙare an dasa masa na ƙarfe yana motsa yatsu, kamar ba a yi komai ba. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san yadda Shari'a ke kallon wannan hannu: diyyar rai raƙuma 100, hannu ɗaya rabin wannan, kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori 5, raunin da ya tone ƙashin kai shi ma 5, kuma ba a yanke hukuncin rauni sai an jira an ga yadda ya warke. Fiƙihu ya bi jikin ɗan Adam gaɓa gaɓa ya sa wa kowace farashi mai nauyi, don wanda zai ɗaga hannu ya san abin da zai taɓa. Wanda ke son ganin wannan da idonsa ya je Aliero, garin da aka sani da albasa, aka kuma san shi da gidajen ɗori da ake kawo musu masu karaya daga jihohi masu nisa da ƙasashen maƙwabta. Ya tsaya ya ga maɗori ya yi bisimilla ya bi ƙafar da yatsunsa yana laluben inda ƙashi ya rabu, mutum biyu ko uku sun danne majinyaci, a ja, a daidaita, ƙato mai gemu yana kiran sunan uwarsa, sa'an nan a jera tsagaggen kara a ɗaure. Bayan wannan kuma sai kwanciya ta makonni, gona ba mai nome ta, iyali na sayar da abin da suka tara. Abin da dukan daƙiƙa ɗaya ke jawowa ke nan, ko hatsarin babur ne ko sandar faɗan gona, kuma shi ne ɓangaren da ba a nuna wa yaranmu.

Mu ma muna da makarantunmu na kame hannu, ko da yake ba mu ɗauke su a bakin komai ba. A ƙauyukan Maiyama da kewayenta, idan kaka ta yi aka buga gangar kokowa, ƙato zai yi kirari ya cika fili da tsawa, amma da zarar abokin karawarsa ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, ba a bin wanda ya faɗi, manya kuma na nan tsaye don raba su; haka dambe yake, duk da zafinsa. Annabi kansa ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi, kuma shi ne ya sanar da mu cewa ƙarfi na haƙiƙa yana ga mai mallakar kansa lokacin fushi. A 2019 hukumar wasan takobi ta Faransa ta karɓi faɗan takobin haske a matsayin wasa mai ƙa'ida da alƙalai, don ta jawo samari daga zaman kallo zuwa motsa jiki. In har waɗancan sun ga amfanin gina tarbiyya a kan abin da aka ƙaga jiya, ban ga dalilin da zai sa mu bar filin kokowa ya koma hannun 'yan caca da masu sayar da ƙwaya ba, mu kuma bar takobin gidanmu, mai kube na jan fata da hamilar da ake ratayawa a kafaɗa, ya zama kayan adon hawan Salla kawai, ba wanda ke gaya wa yaro sharuɗɗan da kakansa ya ɗauke shi a kansu.

Kakannin nan kuwa sun san nauyin abin fiye da yadda masu kirari ke faɗa, kuma ƙasar nan da muke takawa ita ce shaida. A Gimbana, ba nisa da inda Jega take a yau, Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa bayan sun guje wa matsin Gobir; harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai musu, da kamammun da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel jama'ar Shehu suka kwance su, su ne suka kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ne ya jagoranci rundunar a Kwatto, yana kuma cikin jagororin da suka ci Birnin Kabi a 1805, saboda haka ba wanda zai tuhume shi da tsoro. Amma wannan bawan Allah, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808, da ya ga yawancin abokansa na farko sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma da yawansu himmarsu ta karkata ga mulki da ganima, sai ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Ya kuma bayyana wannan damuwa da kansa a cikin Tazyinul Waraƙati. Jarumin da ya ci yaƙi ya tsorata da abin da nasara ke yi wa niyyar mutane, domin ya san hadisin da ya ambaci wanda ya yi yaƙi don a ce jarumi ne a cikin farkon waɗanda za a jefa wuta.

Abin da ya ji tsoro bai daɗe ba ya bayyana. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya tsananta tsakanin Malam Abdussalami, wanda a lokacin yake Kware, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi ta musayar wasiƙu kowa na kawo hujjarsa daga Littafi da Sunna, kamar yadda Bello ya tattara a cikin Sardul Kalami, har magana ta ƙare takobi ya karɓa. Aka ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Mutumin da saboda jama'arsa aka fara zare takobin jihadi, shi ne takobin ya komo kansa bayan shekara 14. Ba ni da matsayin yin hukunci tsakanin waɗannan bayin Allah, sun riga sun isa gaban Wanda zai yi. Abin da ya dame ni shi ne mu riƙa karanta wannan babi ga 'ya'yanmu kamar yadda muke karanta musu Kwatto, don su san cewa malamai masu taƙawa ma, idan ƙarfe ya fita kube, ba kullum suke da ikon cewa ga inda zai tsaya ba.

Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina suka yi tsayin daka, Malam Abdullahi na Gwandu ya kasa cin su shi kaɗai, alhali tsakaninsa da ɗan ɗan'uwansa Bello akwai sanyin zumunci tun batun gadon Shehu. Bello ya taso da runduna ya kawo masa gudummawa, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ɓarakar da ke tsakanin Gwandu da Sakkwato ta ɗinke a wurin. Da aka ci garin, Buhari ɗan Abdussalami ya rage da jama'arsa, kuma ga al'adar sarakunan duniya, ɗan wanda ya yi tawaye ba a barinsa ya yi tsawon rai, balle a bar shi ya tara mutane. Amma da ya miƙa wuya sai aka karɓa, aka ba shi izini ya zauna a bakin Gulbin Zamfara a ƙarƙashin Gwandu, wajen 1820, ya kafa Jega. Cikin shekarun da suka biyo baya kasuwar garin ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a yammacin daular, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a cikinta, ana kawo gishiri da tufafi da dabbobi ta tudu da ta ruwa, Gimbanawa kuma suka riƙe garin da sarautar Sarkin Kabin Jega.